Inda Ƙarfe Ke Taɓa Ƙarfe

Duk wayewar da ɗan Adam yake tinƙaho da ita, daga jirgin ƙasa har injin markaɗe, a kan wani ɗan wuri ta dogara wanda bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, wato wurin da ƙarfe ke taɓa ƙarfe wuta ta ratsa. In wurin nan yana da tsabta, duniya ta juya. In ya yi datti, kowa ya koma fifita da mafici. Masu tarihi sun cika littattafai da sarakuna da yaƙe-yaƙe, ba wanda ya tsaya ya rubuta wannan, shi ya sa na ɗauki nauyin rubuta shi, ni da na koye shi a tsaye ranar wata Alhamis, gumi yana bin gadon bayana har cikin takalmi.

Ni malamin fiziks ne a wata makarantar kuɗi a Tudun Fulani, nan Minna. Shekara goma sha tara ina zana moton lantarki a allo, irin wanda ke cikin fanka: maganaɗisu biyu, naɗin waya a tsakiya, kibiyoyi suna nuna inda za a juya. Na ƙware a zanen nan har ina iya yin sa ina kallon aji. Nakan ɗaga yatsu uku na hannun hagu in murɗa su kamar mai ciwon jijiya, ɗalibai su yi yadda na yi, su rubuta, su ci jarrabawa. Moton allo yana da wani hali na kirki: bai taɓa ƙin tashi ba, domin ba a taɓa cewa ya tashi ba.

Wata Litinin cikin zafin bazara mai makarantar ta kira ni ofis. Madam muke ce mata. 'Yar kudancin Kaduna ce, mace mai gaskiya wadda Allah bai ba ta baiwar kewaye-kewaye ba. Ta turo mini wata takarda a kan tebur.

Ta ce, "Malam, masu duba makarantu za su zo nan da sati uku. In ba su amince da lab ɗinka ba, ajin kimiyya ya tashi. Iyaye suna damuna in buɗe nazare don ƙananan yara, kuma na auna ɗakin, zai ɗauki ƙananan kujeru sosai."

Na ce, "Ni fa, Madam?"

Ta dubi furfurata kamar yau ta fara ganin ta. Ta ce, "Ka iya waƙar yara?"

Ban iya ba. Ita ma ta san ban iya ba. Na fito ina lissafin inda mutum mai shekara hamsin da wani abu zai kai takardunsa a garin da kowace kwana akwai matashi mai digiri yana tuƙa babur. Gida kuwa, wato Kagara, akwai gonar da mahaifina ya bari, amma saboda 'yan bindiga an daɗe ba wanda ya yi ƙarfin halin zuwa ya ga ko tana nan. Ba ni da wata sana'a. Abin da na iya a duniya shi ne murɗa yatsu uku a gaban mutane.

Sai in yi bayanin wata al'ada ga wanda bai taɓa aiki a makarantar kuɗi ba. Kayan lab a unguwarmu kamar tukunyar biki suke. Akwai madubin duba ƙwayoyin cuta guda ɗaya da ya fi kowane malami sanin makarantun Bosso, domin duk inda masu dubawa za su je, shi yake riga su isa. Haka ma'aunin nauyi, haka kwarangwal ɗin roba mai ƙafa ɗaya. Ba ma kiran wannan yaudara, zumunci muke ce masa. Na ɗauki jerin kayan da ake bukata na zaga, na samu alkawarin kusan komai. Abu ɗaya ya gagara: moton lantarki na koyarwa. Wanda ke yawo a tsakaninmu, wani sufeto mai ido ya gane shi a makaranta ta uku, ya zaro makullin motarsa ya karce masa alama a gindi. Tun daga ranar moton ya yi ritaya, ba mai son a gan shi da shi.

A gefen jerin kuwa an rubuta, da jan biro, cewa dole ya zama mai aiki.

Na je shagunan da ake sayar da kayan makaranta, aka ce sai an yi oda daga nesa, kuma ba a yi mini alkawarin rana ba. A hanyar dawowa ne na tuna da wata tsohuwar ɗalibata da ta karanta injiniya, ta buɗe ɗan shago kusa da titin jami'a. An ce tana da wata firinta da ba takarda take bugawa ba, abu take ginawa da roba, a ɗauka a riƙe a hannu. Na kuma tuna cewa ni ne na taɓa rubuta mata a littafi cewa ta fi dacewa da ajin adabi. Malami ya riƙa tauna abin da zai rubuta da jan biro, domin duniya ba ta da faɗi, Minna kuwa ko rabin duniya ba ta kai ba.

Ta tarbe ni da ladabi har da rusunawa, ta ba ni kujerar da ta fi kyau. Na yi mata bayani. Ta saurara, ta ce, "Malam, ka zo da zane?"

Na zana mata irin na allo, da kibiyoyinsa.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Yana da kyau. Ina awon?"

"Wane awo?"

"Kaurin sandar tsakiya. Faɗin ramin boris. Tazarar da ke tsakanin maganaɗisu da waya. Na'urar nan ba ta jin kibiya, Malam, lamba take ji." Ta yi ɗan murmushi. "Kai ka koya mana cewa amsa ba ma'auni sifili ce."

Na ce, "Injiniya, a yi haƙuri da tsoho."

Muka zauna a gaban kwamfutarta muka zana shi tun daga tushe: gindi mai faɗi, ginshiƙai biyu masu ramin boris, wato ƙarfen da sandar tsakiya ke juyawa a cikinsa, da abin juyawa mai hannu uku inda za a naɗa waya, kowane hannu da rami a ciki don a zura ƙusa. Ita firintar, ga wanda bai taɓa gani ba, wani akwati ne mai baki kamar na mazurari. Tana jan zaren roba daga ƙulli, ta narkar da shi, ta riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi, kamar zanzaro yana ginin ɗakinsa. Ba ta sauri, ba ta kuma jin roƙo. Abin juyawar kaɗai sai da ta ce zai ci awa bakwai.

A awa ta biyar aka ɗauke wuta. Bakin na'urar ya tsaya cak a inda yake, ya bar mini hannu uku da ba su da kafaɗa. Na tambaya ko za a ɗora daga inda aka tsaya. Ta ce tata ba ta iya wannan ba, sai dai a faro. Na riƙe guntun a tafin hannuna, mara nauyi kamar ɓawon gyaɗa, na ji kamar takardar sallamata ce aka buga mini da roba.

Washegari muka jira har maƙwabcinta mai walda ya tayar da janareta, muka roƙi arziki. Kwana uku ana bugawa gaɓa-gaɓa, ina zuwa bayan an tashi daga makaranta in zauna in zuba wa bakin nan ido, duk lokacin da janaretan ya yi tari sai in miƙe in leƙa. Ranar Juma'a aka gama. Na naɗe kayan a leda, na sa a ƙarƙashin kujerar babur ɗina, na tsaya masallaci. Rana ce irin ta Minna, wadda kwalta ke kama takalmi. Da na isa gida na ɗaga kujerar, sai na tarar ginshiƙan biyu sun sunkuya wa juna kamar tsofaffi masu gaisuwa, hannu ɗaya na abin juyawar kuma ya lanƙwashe.

Na koma shagon da su a hannu. Na ajiye a gabanta.

Ta ce, "A ina ka sa su?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Malam, roba ce fa. Da zafi aka gina ta." Ta cije leɓe don kada ta yi dariya, ta kasa. "A aji biyu aka yi mana wannan darasin. Wani malami mai ɗaga yatsu."

Na ce, "Allah ya ji ƙansa, ya rasu yau bayan Juma'a."

Saura kwana goma sha uku. Ta sake kunna na'urar ba tare da na roƙa ba. Ban san abin da na yi da na cancanci haka ba, kuma ban tambaya ba, don kada ta tuna da jan biro.

Sauran kayan a bola da shagunan gyara na tsinto su. Maganaɗisu daga cikin matattun kwamfutoci, ƙanana amma masu cizon yatsa. Boris daga tsohuwar fanka. Guntun bututun jan ƙarfe daga bayan firji, wanda na yanka gida uku na manna a jikin sandar tsakiya ya zama zobe mai tsagi. A kan zoben nan ne wasu siraran harsuna biyu na ƙarfe za su riƙa gogawa, su ba waya wuta tana cikin juyawa. Wannan shi ne ɗan wurin da na yi wa kirari a farko. Waya kuwa wurin wani mai naɗin fanka na samo, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Na tambaye shi zagaye nawa zan yi wa kowane hannu. Ya ce shi bai taɓa ƙirgawa ba, hannunsa ne ke gaya masa. Da zan tafi ya kira ni.

Ya ce, "Ticha, wayar nan tana sanye da riga, ko da ido ba ya gani. Inda za ka haɗa, ka kankare ta sai ta yi ƙyalli. Wuta ba ta son shamaki, ko na kaurin fatar albasa."

Na san wannan. Na sha rubuta shi a allo. Amma na yi godiya kamar ban sani ba, domin a kwanakin nan na daina amincewa da duk abin da na sani.

Kwana huɗu ina naɗi. Yatsuna suka tsage, na riƙa ɓata ƙirga ina warwarewa. A aji ina koyar da darasin haske, raina yana kan tebur na baya inda na rufe kayan da kwali. Wani lokaci in kalli ɗakin in ga an jera ƙananan kujeru ja da kore, an manna hoton tuffa a inda jadawalin ma'aunai yake. Matata ta daina tambayata yadda ake ciki, sai dai ta ƙara mini miya, wanda a gidanmu shi ne ta'aziyya.

Ranar Talata da yamma, bayan ɗalibai sun watse, na gama haɗawa. Ba kowa a makarantar sai maigadi, wanda muke kira Baba, mutumin Beji ne, manomi kafin gwiwa ta hana shi, kuma shi ne kafintan makarantar, shi ne mai fenti, shi ne mai kashe maciji. Na ciro batirin babur ɗina na ajiye a tebur. Na yi bismillah, na taɓa waya.

Moton ya yi ɗan rawa. Na tura shi da yatsa. Sai ya karɓa, ya fara juyawa, yana ƙara kamar an tayar da zuma, hannu ukun suka narke suka zama da'ira ɗaya, ƙananan tartsatsi shuɗaye suna tashi a bakin zoben. Shekara goma sha tara ina gaya wa 'ya'yan mutane cewa haka ake yi, kuma a gaskiya a ranar na fara yarda. Na zauna a ƙasa.

Baba ya leƙo ta taga. Ya ce, "Kai! Malam, kai ne ka yi wannan da hannunka?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya shigo ya zagaya tebur, hannu a baya, kamar mai taya akuya. Ya ce, "Aiki yana yi, ba ƙarya. Amma ba shi da kyau. Kamar abin da aka tsinto a kwata."

Gaskiya ya faɗa. Robar toka-toka ce, gam ya zubo ta gefe, jan ƙarfen duk tabon hannu. Na yi dariya, na ce ai ba aure za a kai shi ba. Na cire batirin, na rufe ɗakin, na ba shi makulli kamar kullum.

Akwai al'ada ta biyu da ban faɗa ba, domin ni kaina na manta da ita, kamar yadda mutum ke manta da hancinsa. Jajiberin zuwan masu dubawa ranar fenti ce. Ana shafe duwatsun bakin hanya, da gindin bishiyoyi, da bokitin yashi, da ƙofar banɗaki. Ranar Laraba da safe na ji Madam tana gaya wa Baba a tsakar makaranta, "Duk abin da ido zai faɗa a kai, a shafe shi. Kada in ga tsatsa ko ɗaya." Na ji da kunnena, na wuce. Na hau babur na tafi ɗaukar madubin aro da kwarangwal mai ƙafa ɗaya, na wuni ina zaga makarantu ina gaisuwa, ban dawo ba sai da aka tashi.

Alhamis da sassafe na buɗe lab. Warin fentin mai ne ya fara tarbata. Ga moton a tsakiyar tebur, a kan tsohuwar jarida, yana sheƙi. Gindi shuɗi, ginshiƙai farare, kalar rigar makaranta. Hannu ukun da wayarsu shuɗi. Zoben jan ƙarfe, da harsunan nan biyu, da bakin boris, duk fari fat, shafi biyu, aikin mutumin da ba ya ha'inci.

Baba yana tsaye a bayana, ya sa rigarsa ta coci. Ya ce, "Ka gani? Yanzu ya zama mutum. Da ɗan ƙaramin burushi na bi shi, har cikin lungu. Ban bar ko'ina ba."

Na buɗe baki. Na dubi fuskarsa, fuskar wanda ya yi maka alheri yana jiran ka lura. Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Ai mu da kai ba godiya."

Na kira Injiniya a waya. Na ce zan zuba tina, ruwan nan da ke narkar da fenti. Ta ce kada in kuskura, ba ta san abin da zai yi wa robar da gam ɗin ba, in nemi reza in kankare. Na samo reza a teburin malamin zane. Fentin bai gama bushewa ba, ya yi danƙo, ina kankara yana naɗewa a bakin rezar yana komawa inda na baro. Na yanke yatsa. Na goge da gefen rigata, na ci gaba. Ina addu'ar da duk ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Na samu tsagi ɗaya ya fara ƙyalli, ina kan na biyu, sai na ji ƙarar ƙofar makaranta da muryar ɗalibai suna gaisuwa baki ɗaya.

Masu dubawar su uku ne, babbansu wani mai ƙiba da farin gilashi, yana riƙe da fayil a ƙirji kamar garkuwa. Madam tana gefensa. Ya dubi silin, ya dubi tagogi, ya dubi bokitin yashi mai sabon jan fenti ya gyaɗa kai. Ya ɗaga madubin aron ya leƙa gindinsa, bai ga alama ba ya ajiye. Sannan ya iso teburina.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Moton lantarki ne, ranka ya daɗe. A nan muka haɗa shi. Da firinta aka buga gaɓoɓinsa."

"A nan Minna?"

"A nan, yallaɓai."

Na ɗauki waya, na ɓoye yatsan da ke jini, na taɓa batir. Moton ya yi wani ɗan motsi kamar mai barci da ƙuda ya taɓa, ya tsaya. Na tura shi da yatsa. Ya yi rabin zagaye da nauyi, ya maƙale. Wani siririn hayaƙi mai warin fenti ya tashi daga zoben. Na ga Madam ta rufe ido. Na ga ƙananan kujeru, ja da kore, a jere har bango.

Ban san lokacin da hannuna na hagu ya tashi ba. Yatsu uku suka miƙe da kansu. Na ji bakina yana bayanin inda wuta ke bi da inda maganaɗisu ke ja da inda motsi ke fitowa, da muryar nan ta aji wadda ba ta taɓa yin tuntuɓe ba, na juya na zana shi a allo da kibiyoyinsa, ina kallon su. Babban ya ɗaga nasa yatsun yana gwadawa, ya murɗa ba daidai ba, na gyara masa. Ya yi dariya, ya ce rabonsa da wannan tun yana sakandare. Ya shafa ginshiƙin moton da ɗan yatsa, ya dubi farin da ya manne masa, ya rubuta wani abu a fayil. Suka fita duba banɗaki.

Sati biyu ban yi barcin kirki ba. Na fara sauraron waƙoƙin da ƙananan yaran maƙwabta ke rerawa, a ɓoye, ko zan kama wani abu. Sannan Madam ta sake kira na ofis, ta turo mini wata takardar a kan tebur ɗin nan dai. An amince da lab. A ƙasa, wurin sharhi, an yaba da tsabtar ɗakin da yadda ake kula da kayan aiki, musamman wani moto da aka ƙawata da kalar makaranta, abin da ya kamata sauran makarantu su yi koyi da shi.

Madam ta sa aka kira Baba a taron safe, ɗalibai suka tafa masa.

Sauran makarantun kuwa sun yi koyi. Tun daga zangon nan moton ya shiga zumunci, yana riga masu dubawa isa duk inda za su, kuma kowace makaranta takan shafe shi da tata kalar kafin su zo. Da ya dawo hannuna kwanan baya na karce gindinsa da farce, na ƙirga fenti kala huɗu. Tun ranar Talatar nan bai sake juyawa ba.